Masu Jiran Fitowar Rana: Yadda Sababbin Maguzawan Turai Ke Raya Bukukuwansu

A duk shekara, galibi daren 20 ga watan Yuni wayewar 21, dubban mutane kan kwana a tsaye a wani fili na yankin Wiltshire da ke kudancin Ingila, a tsakanin wasu manya-manyan duwatsu da aka kakkafa kimanin shekara 4,500 da suka wuce. Sunan wurin Stonehenge. Wasu kan zo cikin fararen riguna har ƙasa da sanduna a hannu, wasu da rawanin ganye da furanni a ka, wasu kuma da ganguna da ƙahonin busa. Abin da ya tara su guda ne, wato fitowar rana. Da misalin ƙarfe 4:50 na asuba, idan gajimare bai yi musu rowa ba, sai ta ɓullo ta gefen wani dutse da ke tsaye shi kaɗai daga arewa maso gabas, nan take wuri ya kaure da sowa da kiɗa. A wasu shekarun taron kan haura mutum 20,000.

Akasarin mahalarta 'yan kallo ne da 'yan yawon buɗe ido da masu neman wurin shaƙatawa. Amma a tsakiyarsu akwai waɗanda wannan asuba ibada ce a gare su. Su ne mabiya wasu addinai da suka ɓullo a Turai da Amurka cikin ƙarnin da ya gabata, masu ƙoƙarin farfaɗo da bautar da kakanninsu suka yi kafin zuwan Kiristanci. Suna kiran kansu Pagan, kalmar da ta samo asali daga Latin, inda take nufin ɗan ƙauye, saboda mutanen karkara ne suka fi jinkirin barin tsohon addini. Kalmar Hausa da ta fi kusa da wannan ma'ana ba tare da zagi ba ita ce maguzawa, sai dai da bambanci babba. Bamaguje gadon al'adarsa ya yi daga uba da kaka. Waɗannan kuwa igiyar gadon ta tsinke musu tun fiye da shekara dubu a mafi yawan ƙasashen, don haka daga littattafai da tatsuniyoyi da binciken kufai suke tsintar abin da suke ƙullawa.

Me ya sa rana?

Wanda ya tashi a Kano ko Damagaram zai yi mamakin yadda tsawon yini zai zama abin biki. A Kano, tazarar da ke tsakanin yini mafi tsawo da mafi gajarta a shekara ba ta wuce awa ɗaya da rabi ba. A Landan kuwa yinin 21 ga Yuni ya haura awa 16 da rabi, na 21 ga Disamba bai kai awa 8 ba. A Reykjavik, babban birnin Aisilan, hasken yini kan kai awa 21 a Yuni, ya koma awa 4 kacal a Disamba. Duk wanda ya taɓa yin azumin Ramadana a Birtaniya a shekarun da ya faɗo cikin Yuni ya san wannan a jikinsa.

Dalili shi ne duniya a karkace take da kimanin digiri 23.4 yayin da take zagaya rana. Rabin shekara arewacinta ne ke fuskantar rana, rabin shekara kudancinta. Mai lura zai ga mafitar rana na matsawa arewa kaɗan-kaɗan har zuwa wajen 21 ga Yuni, sai ta yi kamar ta tsaya cik na 'yan kwanaki, sannan ta juya kudu har zuwa wajen 21 ga Disamba. Wannan tsayawa ce Rumawa suka raɗa wa sunan da ke nufin tsayawar rana. Tsakanin tsayawar biyu akwai ranaku biyu, wajen 20 ga Maris da 22 ko 23 ga Satumba, da dare da yini ke yin kusan daidai. Ga manomin arewacin Turai na zamanin da, wanda ba shi da lantarki kuma rumbunsa ke raguwa cikin hunturu, ranar da yini ya daina gajarcewa albishir ce ta cewa zai ga baɗi.

Zagayen shekara mai tasha takwas

Mafi yawan mabiya waɗannan addinai, musamman 'yan Wicca da 'yan Druid, suna raba shekara gida takwas, kowane biki da tazarar mako shida zuwa bakwai tsakaninsa da na gaba. Huɗu sun dogara da rana, huɗu kuma an aro su daga tsohuwar kalandar makiyaya da manoman Ayalan da Sikotilan.

Da yawa kan fara lissafi daga Samhain, daren 31 ga Oktoba, ƙarshen kaka kuma ƙofar hunturu. Dare ne na tuna matattu. Akan ajiye hotunan mamata, a kunna kyandir, wasu gidajen su bar kujera guda babu kowa a wurin cin abinci, a ci cikin shiru. Sai Yule, wajen 21 ga Disamba, dare mafi tsawo. Akan ƙawata gida da ganyen itatuwan da sanyi ba ya kaɗewa, a ƙona babban gungume, wasu su kashe duk fitilun gida su zauna cikin duhu na ɗan lokaci kafin a kunna wuta ɗaya, daga ita kowa ya ɗauki tasa. Imbolc na zuwa a farkon Fabrairu, lokacin da tumaki ke shirin haihuwa, kuma an jingina shi ga Brigid, sunan da tsohuwar abar bautar Ayalan da wata waliyyiyar Kirista suka yi tarayya a kansa. Akan saƙa alama da ciyawar fadama a rataye a bakin ƙofa. Ostara shi ne daidaiton dare da yini na Maris, bikin iri da ƙwai da tohon ganye.

Beltane na faɗowa ranar 1 ga Mayu. Tsofaffin rubuce-rubucen Ayalan sun nuna makiyaya kan kora shanu ta tsakanin wuta biyu a wannan rana don neman tsari daga cuta kafin a tafi kiwo. Yau wutar ake tsallakawa, a yi rawa a zagaye da dogon sanda, masoya kuma su ɗaura alkawari ta hanyar ɗaure hannuwansu da zare. Tun 1988 ake gudanar da gagarumin bikin wuta a kan tudun Calton da ke Edinburgh a daren 30 ga Afrilu, ko da yake masu shirya shi sun fi ɗaukarsa wasan al'ada. Litha shi ne na yini mafi tsawo, wanda ke tara jama'a a Stonehenge. Ranar 1 ga Agusta akwai Lughnasadh, bikin sabon hatsi, inda ake gasa burodi da garin fari a raba. Na ƙarshe shi ne Mabon, daidaiton Satumba, ranar godiya kan amfanin gona.

Tsarin taron kusan ɗaya ne. Ana tsayawa a da'ira, a fili ko daji ko falon wani, a juya gabas da kudu da yamma da arewa ana kiran iska da wuta da ruwa da ƙasa. 'Yan Druid kan fara da shelar neman zaman lafiya a kusurwoyin huɗu. Sai waƙe da addu'o'i, sannan a zagaya da abin ci da na sha, a zuba kaɗan a ƙasa. Babu littafi guda da ya haɗa su, babu shugaba guda. Wasu sun yi imani da alloli masu yawa, wasu da uwa da uba guda biyu, wasu kuma suna ɗaukar sunayen allolin a matsayin alamu kawai na ƙarfin halitta. Mabiya da ke Ostireliya da Afirka ta Kudu kan juya kalandar, su yi bikin hunturu a Yuni, na zafi a Disamba, tunda yanayin ƙasa ake bi.

Tsohon suna, sabon gini

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne wannan zagaye mai tasha takwas bai kai shekara ɗari ba. Babu wata al'ummar Turai ta dā da aka tabbatar tana yin duka takwas ɗin. Mutum biyu ne suka fi tasiri wajen haɗa su a shekarun 1950. Na farko Gerald Gardner, tsohon ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka a Malaya, wanda ya fito da addinin Wicca fili cikin littafinsa na 1954, shekara uku bayan Birtaniya ta soke dokar hana tsafi ta 1735. Na biyu abokinsa Ross Nichols, wanda ya kafa tasa ƙungiyar Druid a 1964. Sunayen Litha da Ostara da Mabon ma wani Ba'amurke mai suna Aidan Kelly ne ya laƙaba wa bukukuwan a 1974, bayan ya tono su daga tsofaffin littattafai.

Gardner ya yi iƙirarin cewa ya gaji wani addini ne da ya tsira a ɓoye tun kafin Kiristanci. Ya dogara da ra'ayin Margaret Murray, wadda ta rubuta a 1921 cewa matan da aka yi ta kashewa a Turai bisa zargin maita mabiya tsohon addini ne. Masana tarihi sun yi watsi da wannan ra'ayi, saboda takardun kotunan wancan zamani sun nuna galibin waɗanda aka kashe Kiristoci ne da ƙazafi da azabtarwa suka ci. Farfesa Ronald Hutton na Jami'ar Bristol ya bi diddigin bukukuwan ɗaya bayan ɗaya a littattafansa na 1996 da 1999, ya nuna abin da ke da tushe da abin da aka ƙago.

A nan akwai buƙatar gyara wata fassara. 'Yan Wicca da yawa na kiran kansu da kalmar da masu fassara kan mayar maye ko mayya. A Hausa maye shi ne mai kama kurwar mutum ya cinye, kuma babu wanda ke alfahari da sunan. Abin da waɗannan ke nufi ya fi kama da mai surkulle da ganyayyaki da kyandir da karance-karance. Haka kuma suna musanta bautar Shaiɗan, suna cewa babu shi sam a tsarin imaninsu.

Shi kansa Stonehenge bai tsira daga wannan ruɗani ba. Wasu masu binciken kufai, John Aubrey a ƙarni na 17 da William Stukeley a littafinsa na 1740, su ne suka danganta ginin ga Druid, wato malaman addinin da Rumawa suka tarar a Birtaniya. Binciken zamani ya nuna an fara aikin wajen shekara 3000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), fiye da shekara dubu biyu kafin a ji ɗuriyar Druid. Abin da babu jayayya a kai shi ne maginan sun saita duwatsun da mafitar ranar Yuni da mafaɗar ranar Disamba, kuma sun jawo wasu ƙananan duwatsun tun daga tsaunukan Preseli na Wales, tafiyar fiye da kilomita 200. Ƙasusuwan aladu da aka tono a Durrington Walls, kusa da wurin, sun sa masana da yawa na ganin babban taron maginan na hunturu ne. Ke nan mai yiwuwa taron Disamba, wanda bai kai na Yuni cika ba a yau, shi ya fi kusa da niyyar masu ginin. A Ayalan ma haka abin yake. Kabarin Newgrange, wanda ya girmi Stonehenge, an yi masa taga da hasken asubar tsakiyar hunturu ke ratsawa ya haskaka ɗakin ciki na kimanin minti 17, kuma sai an yi ƙuri'a ake samun shiga.

Duwatsun na wa ne?

Ba a banza ƙofar Stonehenge ke buɗewa kyauta a waɗannan ranaku ba. Daga 1974 zuwa 1984 an riƙa yin wani bikin kaɗe-kaɗe na kyauta a gefen wurin, wanda ya bunƙasa har hukuma ta ce ana ɓata kufan tarihi, ta hana. Ranar 1 ga Yuni 1985 'yan sanda suka tare ayarin motocin masu zuwa bikin a wata gonar wake, aka farfasa motoci, aka ji wa mutane ciwo, aka kama fiye da 500. Daga nan aka shafe kusan shekara goma sha biyar ana killace wurin duk tsakiyar Yuni. Wani jagoran Druid, tsohon soja da ya sauya sunansa zuwa Arthur Uther Pendragon, ya sha kamu saboda ƙetare shingen. A 1999 kotun ƙoli ta Birtaniya ta wancan lokaci ta yanke hukuncin cewa taron lumana a gefen hanyar da ke kusa da wurin bai saɓa wa doka ba. Tun daga 2000 hukumar English Heritage, mai kula da wurin, ke buɗe shi ga kowa a ranakun tsayawar rana da na daidaito, bisa sharuɗɗa.

Jayayyar ba ta ƙare ba. A 2011 Pendragon ya nemi kotu ta tilasta mayar da ƙasusuwan da masu bincike suka tono, yana cewa na kakanni ne, kotu ta ƙi. A 2016 hukumar ta hana shiga da giya, ta kuma sa kuɗin ajiye mota fam 15, abin da ya kira sayar da ibada. Nan ma bai yi nasara ba. A 2020 annobar korona ta sa aka rufe wurin, aka nuna fitowar ranar ta intanet. A Yunin 2024 kuwa, ana gab da biki, masu fafutikar sauyin yanayi na Just Stop Oil suka watsa wa duwatsun hoda mai launin lemo, lamarin da ya fusata 'yan siyasa da masu bikin baki ɗaya. Wuri ɗaya ne, amma mai bincike na ganinsa hujja, ɗan yawon buɗe ido na ganinsa abin hoto, gwamnati na ganinsa amana da kuɗin shiga, mai ibada na ganinsa haikali.

A Aisilan da Lituwaniya

Can arewa, wani manomi kuma mawaƙi mai suna Sveinbjörn Beinteinsson da abokansa sun kafa ƙungiyar Ásatrú a Aisilan a 1972, gwamnati ta amince da ita a 1973, kusan shekara dubu bayan majalisar ƙasar ta karɓi Kiristanci. Mabiyanta sun haura 5,000 a ƙasar da ba ta kai mutum 400,000 ba. Suna da manyan bukukuwa huɗu, ciki har da na tsakiyar hunturu da wanda ake yi a Thingvellir, tsohon mazaunin majalisa, a tsakiyar lokacin zafi. Kakanninsu dabbobi suke yankawa, su kuwa sun bar yanka, sai zagayawa da ƙaho cike da abin sha ana ambaton alloli da magabata. Ƙungiyar ta sha nesanta kanta da masu wariyar launin fata a Amurka da Turai, waɗanda ke aron alamomin Odin da Thor don tallata fifikon farar fata. Wannan ɓaraka ce ta gaske a cikin tafiyar, kuma ba a ɗinke ta ba.

Lituwaniya ita ce ƙasar Turai ta ƙarshe da ta karɓi Kiristanci, a 1387, don haka waƙoƙi da al'adun da suka rage mata sun fi yawa. A 1967, ƙarƙashin mulkin Tarayyar Sobiyet, wasu ɗalibai da malamai suka farfaɗo da bikin Rasos na tsakiyar lokacin zafi a Kernave, inda ake kwana ana waƙa a gaban wuta, a wanke fuska da raɓar asuba. Daga wannan tushe ƙungiyar Romuva ta fito. Majalisar ƙasar ta ƙi ba ta cikakkiyar amincewa a 2019, Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta ce an nuna mata bambanci a 2021, majalisar ta amince a Disambar 2024. A Amurka ma sai a 2007, bayan shari'a, aka yarda a sa tauraruwar Wicca a kan kaburburan sojojin da suka mutu suna bin addinin.

Abin lura

Kada a ɗauka guguwa ce ta mamaye Turai. A ƙidayar Ingila da Wales ta 2021, mutum 74,000 ne suka rubuta Pagan, daga 57,000 a 2011, wasu 13,000 kuma suka rubuta Wicca, cikin jama'a kusan miliyan 60. Musulmi a ƙidayar sun kai miliyan 3.9. Sai dai ƙidayar ta nuna wani abu da ya fi waɗannan alƙaluma nauyi: a karon farko masu kiran kansu Kiristoci sun gaza rabin jama'a, sun tsaya a kashi 46.2 cikin ɗari, marasa addini kuma sun kai kashi 37.2. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Al'ummar da majami'unta suka yi ta komawa shaguna da gidajen haya, wadda ta daina noma da hannu, wadda lantarki ya shafe mata bambancin dare da rana, ita ce ta haifi mutanen da ke tuƙa mota awa uku don su tsaya cikin raɓa su ga rana ta fito. An daɗe ana hasashen cewa ilimin kimiyya da wadata za su kashe ƙishin ibada. Abin da ake gani shi ne ƙishin na nan, marmaro kawai ake sauyawa.

Ba sai mutum ya yarda da abin da suke bauta wa ba kafin ya ɗauki darasi biyu daga labarinsu. Na farko, lokacin da masana suka rushe tarihin da suka ƙaga wa kansu, da yawansu ba su ƙona littattafan ba, ba su kuma kira marubutan maƙiya ba. Sun karɓa, suka ce addininsu sabo ne da aka gina da tsofaffin tubala. Wannan hali yana da wuya ga kowace ƙungiya da ta jingina mutuncinta ga tarihi. Na biyu ya shafi hukuma. Shekaru goma sha biyar na shinge da kulki da kame sun ci kuɗin gwamnati, sun bar tabo, kuma ba su hana kowa son zuwa ba. Abin da ya kawo sauƙi shi ne zama a teburi ɗaya da mutanen da ake yi wa kallon mahaukata, a rubuta sharaɗi: kada a hau dutse, kada a kunna wuta a cikin da'ira, a fice da safe. Yarjejeniyar ta yi shekara fiye da ashirin tana aiki, duk da ƙorafin da ba a rasa ba daga kowane ɓangare.

Wajen 21 ga Disamba mai zuwa za su sake hallara, cikin manyan rigunan sanyi, su jira ranar da ba za ta fito ba sai bayan ƙarfe 8 na safe. Waɗanda suka jawo duwatsun ba su bar rubutu ko layi ɗaya ba, don haka babu mai iya cewa ga sunan abin da suka bauta wa, ko ga abin da suke faɗa idan ta fito. Abin da suka bari shi ne saitin duwatsun, kuma har yau bai kuskure ba.